Darar Baƙi a Sifawa

Maniru bai jira a kira shi ba. Ya riga Ladan zama gaban gurabun dara, a gindin tsamiyar masaukin baƙi.

Lokacin Sifawa ce cibiyar mulki, baƙi ba sa yankewa. Duk la'asar mai masauki kan fito da su shan iska, kuma Ladan kaɗai yake kira ya yi dara da su. Ladan ake ba riga, Ladan ake ambato har Katsina. Alhali shekara uku ke nan, tun zuwan Maniru daga Kajiji, kullum sai ya cinye Ladan ɗin nan. Abin yana cin ransa.

Ran nan Maniru ya samu wani dattijo Bakatsine, ya cinye dattijon sau uku a jere, har da dariya. Dattijon ya kakkaɓe rigarsa ya shige ciki, ko sallama babu. Mai masauki ya bi shi yana ba shi haƙuri.

"To ka gani," in ji Maniru. "Gobe a san wanda za a kira."

Ladan ya tsuguna yana tsince karare. "Ai ba don in ci baƙo aka kirana ba. Bari nika yi shi ci ni da ƙyar, shi koma gida da daɗin garinga. Aikin ke nan, kuma da wuya."

"Wane wawa za a yi ma haka bai gane ba?"

Ladan ya ɗago ya dube shi da tausayi.

"Maniru, kai ma fa baƙo kaz zo."