Telan da Ya Aiki Tsinke Kasuwa

Ajiye wayar nan, Tanimu. Wato kai ma hoton takalmin gudu za ka duba ka ce a aiko maka, alhali ƙafarka na ciwo? To, gyara zama ka ji abin da ya sami wani tela.

Telan nan ya manyanta, keken ɗinki ya cinye masa ƙuruciya, tumbi ya yi gaba ya bar shi a baya. Rannan likita ya ce masa ciwon suga ya kama shi, in bai tashi ya motsa jiki ba, to, ya kuka da kansa. Maganar ta shige shi, don da idonsa ya ga yadda ciwon nan ya ci ƙafar yayansa har aka yanke ta. Tela kuwa in ba ƙafa, da me zai taka keke? Sai ya bi sahun magidantan unguwa masu sassarfa bayan sallar asuba a gefen filin ƙwallo. Amma zuwa kasuwa neman takalmi, a'a, wai shi ba zai rufe shago saboda wannan ba. Ya yi irin ta mutanenmu. Da sassafe yana zaune ya zari tsinken tsintsiya, ya auna tafin ƙafarsa, ya karya daidai kan babban yatsa, ya ba maƙwabcinsa direba mai zuwa birni. Direba bai ci amana ba, wallahi. Ya kawo kambas fari sol, daidai da tsinke, ko gashi ba zai ratsa ba.

Wayyo, tun daga ranar tela bai ƙara jin daɗin ƙafarsa ba. Ƙwauri ya riƙa zugi, gwiwa ta ɗauka, farcen babban yatsa ya yi baƙi ƙirin. Ya shafa man zafi, wanzami ya yi masa ƙaho, wata gwaggonsa ta rantse sammu ya taka a hanya. Duk a banza. Tsoro ya kama shi ƙwarai: in ya yi gudu ƙafa ta lalace, in ya zauna ciwo ya cinye ta. Yana cikin wannan zullumi sai wani attajiri ya aiko masa da yadi da tsohuwar riga, wai a ɗinka sabuwa daidai da ita. Tela ya fusata ya ce wa ɗan aiken, "Jikin mutum katako ne? Ka ce masa ya zo da kansa in auna shi a tsaye!" Bai rufe baki ba sai idonsa ya faɗa kan ƙafarsa. Ga ta nan ta wuni tana aiki, ta kumbura, yatsu sun baje. Kai! Ashe shi da bai taɓa ɗinka wa kowa riga ba tare da ya bar mata wurin numfashi ba, shi ne ya kulle ƙafarsa a kurkuku.

Washegari da la'asar ya ja ƙofar shago ya nufi birni, da safarsa a aljihu. Ya gwada wannan, ya ture. Ya gwada wancan, ya miƙe tsaye, ya danna gaban takalmin ya ji ko yatsa na da sarari, sannan ya tattare riga a kafaɗa ya zuba a guje tsakanin rumfuna. 'Yan kasuwa har da riƙe ciki don dariya, shi ko a jikinsa. Wanda ya ɗauka mummuna ne, mai faɗin baki kamar kwaɗo, amma ƙafa ta shiga ta yi lamo. Ya bar ta ta huta har farce ya warke, ya soma da tafiya, daga tafiya sai sassarfa. Zugin nan ya ɗauke kamar an zare ƙaya.

Da samarin gari suka shirya gudun zagaye gari, tela ya shiga da furfurarsa. Bai zo na ɗaya ba, kada in yi maka ƙarya. Amma ya wuce ƙarti da yawa zaune a bakin hanya, takalmansu masu ƙyalli a hannu, ya iso yana haki yana dariya, matan unguwa na rangaɗa guɗa. Da ya koma asibiti, likita ya duba jini, ya jujjuya ƙafar, ya ce, "Malam, wannan ƙafar ba inda za ta. Ci gaba da abin da kake yi." Tela ya fito yana hawayen murna, ya ƙi hawa mota, a ƙafa ya tafi gida.

Shi ya sa Hausawa suka ce: zuwa da kai ya fi aike.