Mafaka a Hanyar Zurmi

Sau biyu Bilyaminu yana cewa su juya, sau biyu surukinsa yana ɗaga masa hannu.

"Daga Kaduna na taso don in ga jihar da ta ƙaddamar da shari'a," in ji Alhaji Mahmud. "Na ga ƙarshen layin dogo a Ƙaura, na ga kasuwar Shinkafi. Saura Zurmi."

Nazifa tana bayan motar, jaririyarta Anisa a cinya, mahaifiyarta a gefe. Shekara biyu da aurensu, ba ta taɓa ganin mijinta Bilyaminu yana zufa cikin iska mai sanyi ba sai yau. Ta san ba mai son ƙauye ba ne. Maraya ne, a Gusau ya tashi, haka ya faɗa wa iyayenta da ya zo neman aurenta. Tun da ya samu aiki a sakatariyar sabuwar jiha, bai taɓa fita da ita daga birnin ba.

Gab da Dauran hadari ya tsinke. Kafin su ankara, kwalbatin da ke gabansu ya nutse, rafin da suka tsallako shi ma ya cika ya batse. Ba gaba, ba baya. Motar ta yi tari ta mutu, ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Gida ɗaya ne kusa, na ƙasa, a gefen wani ƙauye. Alhaji ya yi sallama.

"Ku shigo, bayin Allah," wata murya ta amsa daga ciki. "Maza ga zaure nan."

Bilyaminu ne na ƙarshen shiga. Ya sunkuya ta ƙaramar ƙofar ba tare da ya duba ba, ya nemi lungu ya zauna.

A cikin gida matan suka tarar da tsohuwa makauniya, Kulu, ita kaɗai a ɗaki. Ta lalubo tabarma ta shimfiɗa musu, ta karɓi jaririyar tana shafa kanta.

"Ke kaɗai kike zaune, Inna?" Nazifa ta tambaya.

"Maƙwabta na leƙo ni. Ina da ɗa guda, ya tafi boko. Yana nan tafe."

Ruwa ya ƙi tsagaitawa. La'asar ta wuce. Tsakar gida ta zama tafki, rufin ɗakin ya fara ɗiga nan da can, sannan ya koma zuba. Daga zaure muryar Alhaji kaɗai ake ji, yana tambaya yana amsa wa kansa. Nazifa ta ji haushin mijinta: mutum ya shigo gidan mutane, ko gaisuwa ya kasa aikowa.

Sai bangon gabas ya tsage. Wani ɓangare ya rufto a kan tukwane, ruwa ya kwararo har gwiwa. Nazifa ta fizge 'yarta, ta tura mahaifiyarta waje, ta dawo ta kama hannun tsohuwar, amma ta kasa ɗaga ta.

"Baban Anisa!" ta ƙwalla.

Ya iso da gudu. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa shi, azara tana ƙara a kansu. Sannan ya durƙusa cikin ruwan, ya juya wa tsohuwar baya.

"Inna, riƙe wuyana."

Ya ratsa da su ta bayan rumbu, ya ture wata zana, sai ga tudu. Suna hawa ɗakin ya zube.

Nazifa tana haki, tana hamdala, ta matso don ta taimaka a sauke tsohuwar. Kulu ba ta saki wuyansa ba. Yatsunta suna bin goshinsa, suna bin kunnensa, shi kuma ya kasa ɗaga ido ya dubi kowa.

"Ɗiyata, bar ni nan tukun," in ji ta a hankali. "Shekara goma sha ɗaya rabona da jin muryar ɗana."