Takarda ta Biyu a Cikin Ambulan

Tun kafin a buɗe ofishin kuɗi na makarantar horon malamai take zaune a kan bencin da ke gindin taga, da ambulan a cinyarta. Takardu biyu ne a ciki. Mota biyu ta shiga kafin ta iso, kuma ba ta karya ba, don kwanan nan girki ya zame mata wahala. Ko yaya ta auna, sai hannunta ya zuba na mutum biyu.

Abin da ya kawo ta ba ɓoyayye ba ne. Bara ta sayar da keken ɗinkinta, wanda ya ci da su shekara ashirin, ta biya wa ɗanta kuɗin makaranta. Tun daga ranar take kiransa Malam Ƙarami, shi kuma yana cewa ta bari sai takardar shaida ta zo hannu. Sakamako ya fito, Malam Ƙarami ya faɗi. Telan da ya sayi keken ya yarda zai mayar mata a yadda ya saya, in ta kawo kuɗin kafin ƙarshen wata, don akwai mai so. Saura kwana tara. Maƙwabciyarta ce ta jera mata takardun a ambulan, ta ce kada ta ji nauyin kowa, haƙƙinta ne.

Akawun dattijo ne mai gilashi ɗaure da zare, irin mutanen da suka fi shaƙuwa da hatimi a kan jama'a. Ta zaro takardar da ke sama, ta sakamako, ta tura masa ta ƙarƙashin taga. Ya karanta, ya girgiza kai, ya ce ita ce ta shida da ta zo neman a mayar mata da kuɗi a makon nan.

"Mama, faɗuwa ba ta sa a mayar da kuɗi. An koyar da shi, malamai sun yi aikinsu."

Ya nuna mata wani kati da ke manne a jikin tagar, ya karanto shi a gurguje kamar mai karanta kwalin magani. Ana mayar da kuɗi ne in ɗalibi ya janye a watan farko, ko ya rasu, ko makaranta ta soke karatun da kanta. In ɗaya daga ciki ya tabbata da takarda, sai a ja wa sunansa jan layi a rajista, a rufe fayil ɗinsa, kuɗi su fito cikin mako guda. Wanda ya faɗi kuwa sunansa yana nan daram, yana da damar sake rubutawa.

Ta sa yatsa biyu a bakin ambulan.

Shi kuwa ya riga ya jawo ƙatuwar rajista yana bin layi da bayan biro. A layi na sha bakwai ya tsaya, ya ɗago gilashinsa.

"Au, dogon nan ne ɗanki? Mai dariya kamar za a biya shi?"

Daga nan bakin akawu ya buɗe. Ya ce yaron yana da kai, ga hannu mai kyau a allo, amma gaggawa ce ke cinsa. Yana shigowa ofishin nan ba sallama, yana aron biro ba ya mayarwa, yanzu haka akwai guda biyu a wurinsa. Ya ce duk jarrabawar farko ya cinye, sai da ta ƙarshe ta zo aka neme shi aka rasa, aka ba shi sifili. Yanzu kuma kunya ta hana shi zuwa, ya turo uwarsa ta sha rana.

Ta saurare shi, kuma gaskiya daɗi ta ji har cikin ranta. An daɗe rabon da wani ya kawo mata ƙarar yaron nan. A unguwa kowa yabonsa yake yi, a hankali, ido a ƙasa, sannan a yi maza a canza magana. Sai ga wannan dattijo yana ta masa faɗa, murya a sake, har da buga tebur.

Ta tambaye shi ko sunan zai daɗe a wurin. Ya ce muddin ba a ja masa layi ba, duk shekara sai an kira shi a ɗakin jarrabawa. Ya juyo mata rajistar ta gani. Ga shi nan da shuɗiyar tawada, tsakanin sunayen abokansa, babu abin da ya taɓa shi.

Ta tuna keken, da telan, da kwana tara. Ta tuna yatsunta da suka huje da ɗinkin hannu. Sannan ta zare yatsun daga ambulan, ta ninke bakinsa.

"Ki ce masa ya zo da kansa a wata na tara," in ji akawu. "Ya taho min da birona."

"Zan faɗa masa," ta ce.

A gida ta zauna a kusurwar da keken yake a da, inda ƙafafunsa huɗu suka bar shaida a siminti. Maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambaya ko an dace. Ta ce mata ba a mayar wa wanda ya faɗi. Da matar ta tafi, sai ta ɗaga katifa, ta mayar da takarda ta biyu inda take kwance wata huɗu: takardar asibiti mai shaida cewa Malam Ƙarami ya rasu kwana uku kafin jarrabawar ƙarshe.