Gyaɗar Inna da Baturen Kaset

Ina aji biyar na sakandare a lokacin. Wata Laraba bayan la'asar, a tsakar gidanmu na Toranke, na kunna kaset ɗin da malamin Turanci ya ara mini, don washegari muna da jarrabawar sauraro, wadda sau biyu tana kayar da ni. Baturen ciki zai ce "pan", ya ce "fan", ni kuma in nuna wanda ya faɗa a littafi. A kunnena kuwa duk kanwar ja ce.

Inna tana gefe tana ɓarar gyaɗar iri. Ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba. Da na gaji, na kife littafin na ce, "Inna, mutumin nan abu ɗaya yake ta maimaitawa."

"Mayar in ji," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta saurara sau biyu. Sai ta matse gyaɗa guda, ta yi ɓas.

"Na fari kenan, ya haɗe leɓe ya fasa."

Sannan ta hure ɓawon da ke tafin hannunta.

"Na biyun iska kawai yake hurawa. Ke kin tsaya neman ma'ana, ba ki saurari bakinsa ba."

Na sake kunnawa. Wallahi sai na ji su daban.

Yau ni nake koyar da Turanci a Gaya, kuma nakan shiga aji da gyaɗa a jaka. Idan ɗalibai suka tambayi littafin da na samo dabarar a ciki, nakan ce marubuciyar, Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa riƙe biro ba.