Gonar da Aka Toshe wa Hanya

Dogo yana da gona ɗaya a bayan gari, gadon mahaifinsa, kuma ita ce abincin gidansa. Hanyar zuwa gonar siririya ce, ta ratsa tsakanin gonakin maƙwabta. Ba wanda ya taɓa auna ta ko ya sa ta a takarda. Ƙafafun mutane da na shanu ne suka fitar da ita, kowa kuma ya san ta kowa ce.

Da gari ya fara matsowa, dillalai suka shiga yawo da igiyar awo, sai mai unguwa ya kira taro a makarantar firamare. Ma'aikatan tsara filaye za su zo da taswira, a zauna a ware inda za a yi gini, da inda za a bar wa noma, da hanyoyin da ba za a taɓa ba. Ƙanen Dogo, wanda tela ne, ya biyo masa.

"Yaya, tashi mu je. Maganar gonaki ce fa."

Dogo yana gyaran ƙotar fartanya, ko ɗagowa bai yi ba. "Masu sayarwa su je. Ni tawa ba ta sayarwa ba ce. Ko ni za su zana a taswirar?"

"Da wannan tsawon naka ai takardar ba za ta ɗauke ka ba," in ji telan. "Amma hanyar gonar fa?"

"Hanya kuma? Wa zai sayi hanya? Tun ba a haife ka ba take nan. Je ka ɗinka rigunanka."

Manoma kaɗan ne suka je. Masu son yanka filaye su suka cika ajin. Ba wanda ya ambaci hanyar, don haka taswira ta fito babu ita.

Maƙwabcin dama ya sayar da tasa, mai awo ya kafa turke a tsakiyar hanya. Na hagu ma ya sayar, aka kafa a wuri guda. Katanga ta tashi nan, ta tashi can. Da farko amalanke ne ya daina wucewa. Daga baya shanun garma suka tsaya a bakin lungu suka ƙi shiga. Wata safiya Dogo da babban ɗansa suka zo da buhun taki, suka tarar an liƙe ɗan ragowar lungun da bulo, simintin ko bushewa bai yi ba.

Dogo ya buga ƙofar mai sabon gidan da ya liƙe lungun.

"Malam, ta ina zan shiga gonata?"

"Wallahi, baba, ban sani ba. Ni dai iyakar abin da na saya na kewaye."

Ya tafi ofishin filaye. Wani ma'aikaci ya shimfiɗa masa taswira a kan tebur ya ce, "Baba, nuna min hanyar." Dogo ya ɗora yatsa inda ya yi shekaru yana takawa. Babu komai sai layuka manne da juna.

"Ranar taro an tambaya ko akwai mai magana," in ji ma'aikacin a hankali. "Da mutum ɗaya ya ɗaga hannu, da an zana ta. Yanzu gidaje ne a kai."

Sai Dogo ya haɗa tsani. Kullum shi da ɗansa su ɗauko shi a ka, su jingina da katangar wani kango, su hau, su ja shi, su sauka ta ciki. Yaran sabbin gidaje suna binsu da dariya.

"Baba," in ji ɗan, "gonarmu ce, amma muna shiga kamar ɓarayi."

"Yi shiru ka riƙe min tsani. Wata rana taka ce."

Gonar ma ta canza. Bututun wanka na gidaje uku ya juyo cikinta. Ledoji suka maƙale a kunyoyi. In an yi ruwan sama ba inda zai fita, sai ya kwanta har masarar gefen gangare ta yi ɗorawa ta mutu. Ta kan tudu ce kawai ta yi.

Ranar kwasar amfani, matarsa ta roƙe shi ya bar wa yaron ɗaukar buhu. Ya ce bai tsufa ba tukuna. Ya hau tsani da buhu a kafaɗa, ƙafar tsanin ta nutse a laka, ya faɗo ta baya, buhun ya biyo shi. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Kafin a fito da shi sai da aka nemo mutane suka miƙa shi ta saman katanga, yana ihu.

Jinya ta cinye masarar, ta cinye shanun. Da aka zo kan sayar da gona, ba wanda ya taya. Wa zai sayi filin da ba a shiga? Mutum ɗaya ne yake iyawa, mai gidan da ya liƙe lungun, shi kuma abin da ya ga dama ya bayar. A makon da ya saya ya fasa ƙofa a katangarsa.

Yanzu ɗan Dogo lebura ne a wurin. Yana ɗaukar bulo a kan ƙasar da aka ce wata rana tasa ce. Dogo kuwa yana kwance a ɗaki. Duk sanda ya ji ƙamshin ruwan farko sai ya ce da matarsa, "An fita shuka?" Ita kuma sai ta juya masa baya ta goge ido.

Jama'a, musamman mu iyaye, ƙin sayar da gona kaɗai ba ya tsare ta. In an kira zaman tsara filayen garinku, ku je, ku buɗe baki, a rubuta gonaki da hanyoyinsu da mafitar ruwansu tun ba a kafa turke ba. Abin da ba ka kare ba ranar da ake zana shi, 'ya'yanka ne za su neme shi su rasa.