Galih Ya Soke Farin Takarda

Galih yana shekara ta biyu a jami'a, kuma duk wanda ya taɓa zama da shi a rumfar kofi ta bakin ƙofa ya san ba ya zaɓen kowa. Ba lalaci ba ne, shi a wurinsa wayewa ce. Da an ambaci zaɓen shugaban majalisar ɗalibai sai ya taɓe baki ya ce duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

A shekarar mutum biyu suka tsaya. Akwai Bagas, ɗan gaban goshin manyan ɗalibai, mai raba shinkafa ƙunshe a ganyen ayaba da alkawarin kawo mawaƙa. Akwai kuma Lintang, wata siririya daga sashen koyon aikin jinya, wadda ba ta da abin rabawa sai magana ɗaya: ospek. Makon karɓar sababbin ɗalibai ke nan, wanda majalisar ke shiryawa, inda manya ke shanya sababbi a rana, su sa su tsallen kwaɗo, su yi ta daka musu tsawa da sunan koya musu juriya. Lintang ta ce in ta ci, a inuwa za a yi shi, da ruwan sha, da ma'aikacin lafiya a kusa.

Wata rana ta biyo ta rumfar, ta tsaya a kan Galih da abokansa, ta kira shi da Mas, wato yaya.

"Mas Galih, na ji ƙanwarka Sekar za ta shigo baɗi. Na kuma ji tana da asma. Ka ba ni ƙuri'arka, ko don ita."

Galih ya kwashe da dariya, ya mayar mata da Mbak, wato yaya mace. "Mbak Lintang, mu ma an shanya mu, ga mu nan ba mu narke ba. Bagas ya kawo shinkafa, ke kin kawo wa'azi. Ita shinkafa ko ba komai tana shiga ciki."

Abokai suka buga tebur suna shewa. Lintang ta dube shi, ta ce, "Allah ya sa ka fi ni gaskiya," ta wuce.

Ranar zaɓe aka miƙa masa takarda mai hotuna biyu da ƙusa, don ya soke hoton wanda yake so. Galih ya soke farin gefen takardar, inda babu hoton kowa. Haka ya kitsa wa mutanen gidan hayarsu da 'yan ajinsa, kuma suka bi shi. Suka dawo rumfa suna cin shinkafar Bagas.

"Mun cinye tasa, mun hana shi, ita ma mun hana ta," in ji Galih. "Wa ya kai mu wayo?"

Abin da mai wayon bai lura ba shi ne mutanen Bagas ba su san farin takarda ba. Hoto suka soke. Bagas ya ci da ɗan ƙaramin rinjaye, ƙuri'un da aka ɓata sun ninka tazarar.

Da shekara ta zagayo Sekar ta samu gurbi. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Ibu, wato Mama, ta rako ta har tashar jirgin ƙasa, ta riƙe hannun Galih ta ce, "Ga amanarka. Kada ka bari ta wahala."

"Kada ki damu, Ibu. Zan ɗaura mata jan ƙyalle a dantse. Duk mai jan ƙyalle an san ba shi da lafiya, inuwa ake kai shi."

Haka ake yi a da. Amma kwamitin Bagas ya ce bana babu ƙyalle, wai ragwaye ne ke fakewa da shi. A ƙofar fili aka kwance na Sekar, aka karɓe jakunkunan sababbi, duka iri ɗaya na buhun fulawa, aka tara su wuri guda. Maganin shaƙarta yana cikin tata.

Rana ta take. Sekar ta durƙusa, ta ce numfashinta yana ɗaukewa.

"Tashi, Dek," in ji wani babban ɗalibi, yana kiranta ƙanwa da yarensu. "Ba sashen wasan kwaikwayo kika zo ba."

Ta tashi, don yarinya ce mai jin magana. Da ta sake faɗuwa leɓenta sun canja launi. Aka yi ta zazzage jakunkuna ana neman tata. Babu ma'aikacin lafiya, babu mota a kusa. Galih yana rumfa da kofinsa lokacin da wayarsa ta yi ƙara. Kafin ya isa asibiti an rufe mata fuska.

Jami'a ta rushe kwamitin, ta aiko da furanni. Lintang ta je ƙauyensu ta'aziyya, ba ta ce masa komai ba sai "Allah ya jiƙanta," kuma wannan ya fi masa zafi da a ce ta zage shi.

Bayan an watse mahaifiyarsa ta kira shi ɗaki. Muryarta ta dushe da kuka.

"Waɗannan yaran da suka tsare min ita a rana, wa ya ɗora su a kanku? Malamai ne?"

"A'a, Ibu. Ɗalibai ne ke zaɓe."

"To kai wa ka zaɓa?"

Galih ya buɗe baki. Farin gefen takardar nan da ya soke ya faɗo masa a rai, ita kuma tana jira.

Ɗalibai, ƙin zaɓe ba wayo ba ne, zaɓe ne da ka bar wa wani ya yi maka. Wanda ya hau kujerar da ka raina shi zai yi iko da kai da naka, kuma ranar da abin zai ci wani, ba zai tambayi ko ka jefa ƙuri'a ba.