Lambar da Ba Ta Ɗaukar Waya

Malam Hafizu, mai kula da ɗaliban jami'a masu karatu daga gida a cibiyar Daura, ya saki saƙon murya cikin zaurensu na WhatsApp, ransa a ɓace.

"Mai lambar nan da ta ƙare da bakwai-bakwai, in na kira ba a ɗauka, in na yi tambaya sai shiru. Girma ya zo amma lalaci bai tafi ba! In ba a kira ni yau ba, zan cire lambar, a je a nemi labarin jarrabawa a kasuwa."

Da la'asar ya kai matarsa Haulatu garin Zango su gaida mahaifiyarta. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a sunkuye.

Sai ya ji muryarsa tana tashi daga wata waya a bayan labule: "Lalaci bai tafi ba!"

Aka yi maza aka kashe wayar.

Can surukarsa ta yi magana ƙasa-ƙasa. "Ke Haulatu, roƙar mini Malam kada ya cire ni. Duk aikin da ya bayar na yi shi. Amma da wane baki zan amsa wayar mijin 'yata?"